Telan da Ya Ƙi Rawa a Gaban Surukinsa

Kai da kake jin nauyin a ga rauninka, saurari wannan. An yi wani tela, dattijo mai kamun kai, wanda ko dariya zai yi sai ya kare baki da hannun riga. Rannan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita ta zama kamar ta aro. A asibiti aka haɗa shi da wata ma'aikaciya mai koya wa irinsu tafiya da kiɗa. Sai ta kunna kalangu a rediyo, majinyata su yi da'ira, kowa ya ɗaga ƙafa ya sauke daidai da bugun. Ta gargaɗe shi cewa ƙafar da aka bari kwance sandarewa take yi. Tela ya ji, gabansa ya faɗi, amma mai kawo shi a babur mijin 'yarsa ne, ga shi nan zaune a benci yana jira. Rawa a gaban suruki? Allah ya kiyaye! Ya naɗe a kujera, kullum sai ya ce jiri yake ji.

Akwai wani mahauci a cikinsu, shi da kalangu kuwa sun saba tun yana yaro. Yana rausaya, yawu na zuba, ko a jikinsa. Kafin damina ta faɗi ya jingine sandarsa. Tela kuwa wata safiya ya zo sa takalmi, ya ga yatsun ƙafar sun fara lanƙwashewa, ya danna su da hannu sun ƙi miƙewa. Tsoro ya kama shi sosai, ya hango kansa a kan tabarma har ƙarshen rayuwa, ana juya shi ana kwashe masa fo. Ran nan da aka kunna kiɗan ya yunƙura zai tashi. Surukin ya sunkuyar da kai ya nufi ƙofa don kunya.

"Dawo," in ji tela. "Zo ka riƙe min ƙugu."

Suka shiga da'irar, kowa na kallon ƙasa, gumi na keto wa dattijo, hularsa ta faɗi bai ko waiwaye ta ba. Aka buga, ƙafar ta ƙi. Aka sake bugawa, ta ja ƙasa, da ƙyar ta ɗagu kaɗan, ta sauka a kan kiɗan.

Shi ya sa Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.