Faranti Uku a Gidan Mama Earline

Koci Delbert ya kwance maɓallin wando, ya jawo faranti na uku. Gumi har cikin kunne.

Bai daɗe da karɓar ƙungiyar ƙwallon Amurka ta wata kwaleji ba, 'yan wasa sai zarewa suke, suna bin tsohon koci sabon wurinsa. Mai jefa ƙwallo ɗaya ya rage masa, Tavion, jikan Mama Earline. Kowa kuwa a Mississippi ya sani, kocin da ya raina girkin tsohuwa ba ya samun jikanta.

"Mama, ki rufa min asiri. In yaron nan ya tafi, ni ma korata za a yi."

"Ci dai, ɗan nan. Kana neman ƙarti, kai ga ka kamar tsinke."

Ta ƙara masa soyayyiyar tarwaɗa da burodin masara a kan farantin nan na uku. Bawan Allah ya runtse ido ya tura, har ya suɗe farantin.

"To Mama, a kira min Tavion ɗin?"

"Wane Tavion? Ai tsohon kocinsu ya ɗauke shi tun jiya. Shi faranti huɗu ya ci." Ta leƙa tukunya. "Amma ka kyauta, da ragowar nan lalacewa za ta yi."