Sababbin Bututan Hayaƙi da Damman Gero

Ka ce kana so ka cire wa motarka bututan hayaƙin da ta zo da su, ka ɗaura mata masu ƙyallin nan da ake yayi, wai don ta ƙara ƙarfi. To, kafin ka kai ta gareji, ga wani misali.

An yi wani manomi da ƙanensa da suka gaji akori-kura ɗaya daga mahaifinsu. Wan shi ke noma gandun gidan, ƙanen shi ke tuƙi, ranar kasuwa ya yi jigila, in kaka ta yi ya kwaso amfanin gona. Motar tsohuwa ce amma ba ta da ƙiwa. Aibinta ɗaya, ba ta tashi da makulli sai an tura ta, kuma wan ya yi magana har bakinsa ya gaji a kan a gyara wannan. Ana nan sai ƙanen ya shiga birni, wata mota ta wuce shi tana ruri, zuciyarsa ta bi ta. Ya tambaya, aka ce masa ai sirrin yana ga bututan da ke kwashe hayaƙi daga jikin inji: a cire na asali, mai kaurin nan na baƙin ƙarfe, a ɗaura dogaye sirara, inji ya samu numfashi. Bai shawarci kowa ba. Aka kwance na asalin, aka kwance har murfin kwanon da ke tare zafinsa aka jefar bayan gareji, domin sababbin ba su da wurin ɗaura shi. Da la'asar ya shigo gari, kaji na watsewa, jarirai na farkawa a bayan iyayensu. Wan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ga bututan sun sauko har sun kusa shafar ƙasa, zafinsu na dukan fuskarsa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Yanzu kai inda ke ciwo ka bari, ka je ka yi wa lafiyayyen wuri tsaga?" Ƙanen ya yi dariya ya ce, "Yaya, ba za ka gane ba sai ka ji ta a kwalta." A kwalta kam, in ba kaya, ta ɗan ƙara sauri, ba a hana shi wannan. Amma wa ya ce masa a kwalta ake noma gero? Cikin yashi da kaya a bayanta, jan da take yi jiya shi take yi yau, sai dai yanzu duk ƙauyukan kewaye suna jin tana shan wahala. Turi kuwa yana nan inda aka bar shi.

Kaka ta zo, gero ya yi kyau a shekarar. Aka yi girbi, aka ɗaure damma aka tara a tsakiyar gona. Cimar gidan ke nan har wata kakar, irin baɗi ma yana ciki. Al'adarsu in an zo kwasa, ƙanen kan shiga da motar da baya har gindin tarin, ya bar inji na aiki, domin in ta mutu a tsakanin kunyoyi da kaya a kanta babu mai iya tura ta. Shekara da shekaru haka suke yi ba abin da ya taɓa faruwa, don tsohon bututun yana can sama a lulluɓe. Ranar ma haka ya yi. Ya tsayar da ita a kan karan da aka sassare da busasshiyar ciyawa, ya hau baya yana karɓar damma, wan yana miƙa masa. An yi rabin lodi sai wan ya ji ƙauri. Ya waiga ko maƙwabcin gona ne ke toyi, bai ga kowa ba. Kafin ya sunkuya, wuta ta riga ta fito daga ƙarƙashin motar tana lasar taya. Rijiya na nesa. Suka yi ta watsa ƙasa da hannu, suka yi ta duka da ɗanyen reshe, iska kuwa ta ɗauki wutar ta ɗora a kan tarin. Ƙanen ya faɗa cikin motar ya fizge ta ya fitar da ita daga gonar, geron da ke bayanta yana ci, sai da suka ture geron ƙasa kafin aka tsira da ƙarfen. Wan ya tsaya yana kallon wahalar damina guda, tun daga sharar gona har huɗa da maimai, tana zama toka. Da fari ne ya ci geron, ko fara, ko ɓarawo, da ya haƙura ya bar wa Allah. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ganganci ne tsagwaronsa, don kawai a ji mota ta wuce a waiga.

Wan bai yarda ya shiga motar ba, da ƙafa ya koma gida. Ya tarar an share rumbu an yi masa sabon yaɓe, matan gidan suna zaune a gindinsa suna jiran dami na farko. Ya ɗauki murfin rumbun ya rufe shi, babu ko zangarniya ɗaya a ciki.

Saboda haka kafin ka taɓa abin da ke aikinsa lafiya, ka duba inda motar take cin abincinta da abin da take ɗauke da shi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira ake rasa ido.