Jirgin Da Aka Hau Da Shi Tudu

Mai son girmama abu ya fara sanin abin da ke raya shi. A wani gari na bakin kogi an yi wani matuƙi mai ɗan jirgin katako, wanda ubansa ya sassaƙa da icen maɗaci. Shekara arba'in jirgin nan yana kai dawa da gishiri da kananzir wani tsibiri mai gida talatin, har da gidan 'yar matuƙin. Shekarar da aka yi amai da gudawa, shi ya kai magani. Ba shi da kyau ko kaɗan. Duk jikinsa faci ne, tsumma da kwalta, kuma tun da aka yi shi bai taɓa wuni a tudu ba. Wata rana wasu baƙi suka zo daga birni suka ɗauki hotonsa, bayan wata shida sai ga jirgin a kan sarki, 'yar takardar nan da ake liƙa wa wasiƙa. Aka kawo wa matuƙin guda. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya rasa gane yadda jirgin da ke ɗaukar buhu ashirin ya koma bai kai faɗin babban yatsa ba. Aka ce masa ai yanzu jirginsa har Makka yana zuwa. Ya waiwaya, ga jirgi a ɗaure a gaɓa.

Mutanen gari kuwa kai ya kumbura. Dattawa suka ce abin da duniya ta sani ba ya zama cikin laka yana jigilar gishiri. Aka taru aka ja shi tudu, aka yi masa rumfar kwano, aka shafe shi da fenti kore da fari. Matuƙin ya ce, "Ranku ya daɗe, katakon jirgi ruwa yake sha. In ya bushe zai buɗe baki." Suka ce masa tsufa ne, ana ɗaukaka shi yana gardama, kuma ga ƙananan kwale-kwale sun ishi tsibiri. Shi kansa sai ya shiga ruɗu. In ya ga baƙi suna shafa jirgin sai ya ji daɗi, in ya sa yatsa tsakanin katako ya ji ya shige sai gabansa ya faɗi. Ya kasa tantance ko karrama shi aka yi ko raba shi da sana'a, ya bar maganar. Nan ne laifinsa, don wanda ya sani ya yi shiru ya fi jahili laifi. Rani ya wuce a haka. Ƙarshen damina kogi ya kawo irin cikar da ba kwale-kwalen da ke iya ƙetarawa, rumbunan tsibiri suka jiƙe, mutanen can suka hau tudu suna kaɗa zane don neman agaji. Nan da nan aka rushe rumfa, aka tura jirgi ruwa, aka ɗora buhu goma na dawa. Bai yi taku ashirin ba ruwa ya shigo ta kowace tsaga, ya zauna a ƙasa da fentinsa. Aka juyo kan matuƙin ana tambayar dabara. Ya ce babu wata sai a bar shi a jiƙe kwana bakwai, katako ya kumbura ya haɗe. Da ya isa tsibiri rana ta takwas, ya tarar 'yarsa da maƙwabtanta sun dafe irin da suka ajiye na noman rani, sun cinye. Shekarar nan ba wanda ya shuka ko ƙwaya a tsibirin.

Shi ya sa Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.