Barkonon Aljihun Baba

Ana gab da Babbar Sallah, zamanin da mota take sabon abu a Kano, Babanmu direban lori ya shigo gidanmu na Dala da azahar. Kwana da kwanaki yana jigilar raguna daga ƙauye, bai runtsa ba.

Inna ta aike ni in kai masa fura soro. Na tarar ya jingina da bango, idanunsa a buɗe jajur, amma minshari yake yi. Hannayensa na sama, suna juya sitiyarin da babu shi.

Da ya farka, sai ya ciro ƙullin garin barkono daga aljihu, ya dangwala, ya shafa a gefen ido don korar barci. Inna ta leƙo ta ce, "Malam, don Allah ka kwanta ko zuwa la'asar."

Hawaye na zubo masa ya ce, "To, da me mutane za su yi layya?"

Bai ga Sallar ba, a kwazazzabo aka tsinci motar da gawarsa. Yau na tsufa, amma duk motar da na shiga idon direba nake kallo, kuma ganinsa a buɗe ba ya kwantar min da hankali.