Kiran da Ke Biyowa ta Teburin Baba

"Baba, wannan manhajar fa ita ake yayi," in ji Joshua, injiniyan da ƙungiyar direbobin Jibiya ta ɗauko daga Katsina. "Direba na bugowa daga Maraɗi, ita da kanta za ta haɗa shi da mai kaya. Tsohuwar na'urar kuwa, sai kiran ya biyo ta teburinka ka haɗa da hannu."

Baba Zunnuraini ya dubi 'yar na'urar kiran intanet da ke ƙarƙashin tebur. Shekara huɗu ke nan yana tsaronta shi kaɗai a wannan ɗakin kwano na bakin iyaka.

"Bar mini tsohuwar."

Joshua ya yi murmushi. Ya san dattawan kan iyaka, ba cinikin da zai wuce kunnensu ba su ɗanɗana ba. "Ko kujerarka kake ji wa? Shugaban ƙungiya ya ce ko an canza, kana nan daram."

Wayar ta yi ƙara, Baba ya ɗaga.

"Baba, ina kwana? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, Abdulfatah. Ya hanya? Ya yaran?"

Sai da suka gaisa tsaf, sannan Baba ya haɗa direban da dillalin wake. Ya kife kan wayar, ko kalma ɗaya bai saurara ba.

"Ɗana, na san taka ta fi sauri," in ji shi. "Amma in ka sa ta, wa zai ƙara tambayata yadda na kwana?"