Aron Namijin Fure

Tun da ƙudan zuma suka ƙare, aron fure ya zama kamar ɗibar wuta a unguwarmu. Da sassafe na leƙa gidan maƙwabciyata Iya Kande, domin shammam ɗina macen fure ɗaya tak ya yi, kuma kafin rana ta take za ta rufe.

"Iya, a taimaka mini da namiji."

Ta tsinko biyu. "Mu je in yi miki, Ladiyo. Hannunki da nauyi, bara ma haka kika yi asara."

A bayan ɗakina ta durƙusa da ƙyar, tana goga garin namijin a cikin macen a hankali. Sai na ji tana wani ɗan amo ta hanci.

"Wace waƙa ce wannan, Iya?"

"Ba waƙa ba ce, kukan zuma ne. Kada furen ya gane mutum ne."

Na roƙe ta ta koya mini, tunda ni ban taɓa jin sa ba. Ta fara, ta tsaya, ta sauya murya, ta sake tsayawa.

"Anya haka ne kuwa?" in ji ta, tana dubana kamar ni zan gyara mata.