Baturan Rediyon Baba

Ranar da rikici ya ɓarke a Kafanchan, da rana tsaka, Baba ya kulle mu a ɗaki. Yayata Rifkatu ba ta dawo daga kasuwa ba, ga warin tayar da ake ƙonawa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Baba ya kunna ƙaramin rediyonsa don ya ji ko sojoji sun iso. Shiru. Ya buɗe bayansa, babu batir.

Baturan suna cikin ɗan gem ɗina na jera bulo. Ko a lokacin ina ƙarƙashin gado ina latsawa, sai abin ya yi ƙara.

Baba ya jawo ni ta ƙafa, ya ɗauke ni da mari har bakina ya fashe. Ya tattake gem ɗin da takalminsa na aikin reluwe, ya tsince baturan. Dama duk na riga na tattaune su don su ƙara ƙarfi. Ya saka su a rediyon, ko tari bai yi ba.

"Yanzu ta wace hanya zan nemo 'yata?" ya ce, ya fita.

Rifkatu ta dawo da ƙafarta. Shi Baba a amalanke aka kawo shi, da saran adda a kafaɗa.

Har yau, in na ga ɗana ya duƙufa kan waya, ɗanɗanon batir da jini nake ji.